Ruwan Toka

Keziah ta tsaya a ƙofar falo, hannu a ka. Bango ya fito kore shar, kamar ganyen dawa a damina.

"Malam Yazid, ka kashe ni! Ruwan toka maigidan ya ce."

Mai fentin ya ɗaga kafaɗa. "Uwargida, na tokar ya ƙare a kasuwa. Ai wannan ma ya fi fitowa."

Ita ta san mijinta. Aaron tsohon soja ne, ba a sauya masa magana. Tun da ya koma kabu-kabu da babur fushinsa ya ƙaru. Ko kofi ya ture da hannunsa, ita ce mai laifi. Kullum maganarsa ɗaya: ruwan toka ba ya nuna datti, ba ya faɗa da kowane labule.

Sai ga ƙarar babur. Aaron ya shigo, ya tsaya, ya daɗe yana kallon bangon. Keziah ta buɗe baki za ta ba da haƙuri.

"Yauwa!" in ji shi. "Kin gani? Ruwan toka sak. Ba na gaya miki ba?"

Ta duba fuskarsa, babu alamar wasa. Rana tsaka ce, taga a buɗe. Nan take ta tuna kofunan da yake turewa, ta gane idanunsa ne suka fara samun matsala.

Aaron ya juya yana kaɗa makullin babur.

"Joyce! Zo ki hau, in kai ki Ribah wajen kakarki."

'Yarsu ta fito da gudu.