Garin Itace a Kan Gadon Tek

Da wuyan riga wata dattijuwa ta jawo kafinta tun daga kasuwar Gaya har cikin ɗakinta.

"Duba, maƙaryaci. Ka ce katakon tek ne daga Benin, gara ba ta cinsa. To wannan garin, uban wa ke niƙa shi?"

Kullum sai ta kakkaɓe garin itace daga gadon nan, kuma a kansa 'yarta mai jego ke barci da jinjiri. Tsoronta kada ƙafar gadon ta karye da su.

Kafintan ya duƙa, ya ƙwanƙwasa ƙafafun, ya kankare gefe da farce ya shinshina.

"Inna, wallahi tek ne. Ko huda ɗaya babu."

"To daga ina yake fitowa?"

Sai gari ya sauka a bayan hannunsa. Suka ɗaga kai tare. Itacen da ke ɗauke da rufin ƙasa, wanda ruwan jiya ya jiƙa, ya lanƙwashe daidai saitin jinjirin da ke kwance a gadon, gari na tsiyaya daga tsagarsa.

A hankali ta saki rigarsa.

"Ɗana," ta raɗa masa, "ƙafata ta ƙi ɗaguwa. Ɗauko min shi."