Kafiretar da Ta Ƙi Saituwa

Karo na huɗu ke nan wani bakanike yana kwance kafiretar babur mai ƙafa huɗu na mijin ƙanwarsa. Tun da aka sa sabuwar salansa yake canza jet, wato bututun da ke fesa mai a kafiretar. A gareji babur lafiya lau, washegari ya dawo yana tari.

"Yaya, jibi fa tsere! In ya fi ƙarfinka, faɗa mini," in ji mai babur.

Maganar ta ƙona masa rai. Da sassafe ya je gidan mai babur ɗin, sai ga ƙanwarsa a durƙushe tana murɗa sukurun kafireta da wuƙa don ta ɓata saitin.

"Tseren bara da mijina ya faɗi, ƙarfe aka sa masa a ƙafa. Ba na so ya sake shiga," ta ce.

Ya dube ta, sannan ya laluba aljihu.

"Ba da wuƙa ake yi ba. Ungo sukundireba."