Shirun 'Yar Usur

Tun da aka fara dasa wa manya 'yar usur a wuya, mahautan Gusau suka koyi saurare kafin su sa wuƙa. Idan kitse ya fara toshe jijiyar jini sai ta riƙa kuka, kuma doka ta hana sayar da nama mai maiƙo ga wanda tasa ke kuka.

Da hantsi Hansatu ta rako mahaifinta, Baba Tanimu, mahauta. Tasa ta yi shekaru tana kuka, amma yau tafe yake yana fara'a.

"Magaji, kawo kunnenka," ya ce wa mahaucin, abokinsa tun ƙuruciya. "Ta yi shiru. Zogalen nan ya yi aiki."

Magaji ya kara kunne a wuyansa, ya jima, sannan ya ɗago. "Tsit kuwa. Bari in yanko maka tozo."

Hansatu dai tana ji. Duk sanda jijiya ta ƙara matsewa, kukan ƙara sirancewa yake yi, har ya fi ƙarfin kunnen tsofaffi. Na Baba yanzu ya fi na sauro siranta, har cikin haƙoranta take jin sa. Karen da ke kwance ƙarƙashin teburin ya tashi ya bar wurin.

"Baba, mu fara biyawa asibiti."

"Asibitin me, 'yar nan? Kin ji wani abu ne?"

"Ina ji, Baba. Ba ta taɓa dainawa ba."

Magaji ya ajiye wuƙar. A hankali ya kai hannu nasa wuyan.

"Ni tawa tun bara ta yi shiru," ya ce.