Kilo Tara

"Babban nan ka cire shi daga ranka," in ji dillalin injuna. "Wata biyar da suka wuce mun auna, da kai da shi kun yi wa jirgin yawa da kilo tara. Ɗauki ƙaramin."

Mai walda ya dubi injunan biyu a kan benci. Shekara shida yana haɗa jirgin saman nan a garejinsa. Ya rage ƙarfen kujera, ko fenti bai shafa ba don gudun nauyi. Ƙaramin injin fulogi ɗaya ne a kowace silinda, in ya mutu a sama sai salati. Babban kuwa biyu-biyu gare shi.

"Babban za mu ɗauka," matarsa ta ce daga bakin ƙofa. "Ni na ɗinka yadin fukafukan nan, ba zan ɗinka likkafani ba."

Dillali ya yi dariya. "Uwargida, sikeli ba ya jin lallashi. Me ya rage a jikin jirgin da za a cire?"

"A jikin jirgin, babu," in ji mai walda. Ya tuɓe takalmi, ya hau sikelin. Allura ta yi rawa, ta tsaya. Kilo goma sun tafi.

Sai lokacin dillali ya lura da bel ɗin mai walda: sababbin huji huɗu a jere.

"Tara na injin ne," matar ta ce. "Ɗayan na abincin rana. Yau dai zai ƙoshi."