Wata Takwas na Abdulwahidu

Hureira na juye shinkafar da ta sayo a ƙunshe daga mamak, wato gidan abincin ƙasan bene, sai ga sallamar matan unguwa. Tun da aka sallamo mijinta Abdulwahidu daga asibiti, gidansu na unguwar Danau Kota bai rabu da 'yan dubiya ba.

Wata takwas ya yi yana jin muryoyin da babu mai jin su sai shi. Ya daina zuwa jami'a, ya liƙe tagogi da jarida, wai ana leƙensa. Duk wanda ya tambaya sai Hureira ta ce karatun digiri na uku ne ya sha masa kai. Sai ranar da ya yanke jiki ya faɗi a tashar jirgin ƙasa ta Titiwangsa aka kwashe shi zuwa babban asibiti.

Can aka ɗebi jininsa da ruwan ƙashin bayansa. Likita ta ce garkuwar jikinsa ce ta far wa ƙwaƙwalwarsa har ta kumbura, sinadaran da ke kai saƙo suka rikice. Aka ɗora shi a kan magani, muryoyin suka yi shiru. Amma an makara. Karatun ya tafi, kuma har yau sunan ɗiyarsu Afnan kan ɓace masa a baki.

"Wallahi Maman Afnan, kin yi jihadi," in ji maƙwabciyarta Sakinatu. "Ke kaɗai, a ƙasar mutane!"

Hureira ta sunkuyar da kai.

"Ni likitan farko ne ban yafe wa ba," in ji Abdulwahidu daga kan kujera, yana jan magana da ƙyar. "Tun makon farko muka je wurinsa. Da ya tura ni gwajin nan, da ban kai haka ba. Allah ya isa."

"Abban Afnan, don Allah ka janye," in ji Hureira.

"Kun ji ta ko? Har shi take tausaya wa," in ji Abdulwahidu.

Matan suka yi ta sa mata albarka. Hureira ta miƙe ta shige kicin, ta buɗe famfo don kada a ji kukanta.

Likitan farko bai yi sakaci ba. A hannunta ya damƙa takardar gwajin, ya ce kada su wuce gobe. Ita ce ta ga hatimin sashen masu taɓin hankali a kai, ta tuna bakin matan da ke falonta yanzu, ta yayyaga ta a kwandon shara tun mijin bai gani ba.