Kafin Wata Ya Rufe

Da asuba na tarar da Dogo, injiniyanmu, yana jera siraran wayoyi a bakin na'urar da ke auna inda hasken eksire yake fitowa a sararin samaniya. Ni mai walda ne, ina gefe da aikina.

Dakta, masaniyar taurarin da muke wa aikin, ta shigo da akwatinta. Yau za ta koma tashar harba roka, kuma har yanzu Dogo bai furta mata abin da ke zuciyarsa ba.

"Malam, ka tuna tsohuwar dabara?" ta ce wa Dogo. "A jira wata ya rufe tauraro. Sai hasken ya ɗauke a san inda yake."

"Na tuna."

"To, ni kada ka jira sai na ɓace."

Ya ɗago ya dube ta, waya ta tsinke a hannunsa.

"Ban iya magana ba, Dakta."

"Kawunka ya iya. Baba yana gida har azahar."

Na sha ganin masu daɗin baki, ba su kai ko'ina ba. Dogo ya cire rigar aiki, ya wanke hannu, ya ɗauki makullin babur ɗina ko tambaya babu, ya fita.