Tsohon Hanji

Dakta Mas'udu ya ɗora hannu a kan hanjin, ya ce babu mai yanke shi.

Surajo, abokin aikinsa, ya tsaya riƙe da almakashi. "Haba Dakta, dubi yadda ya bushe. A cire a sa na roba, khalas. Haka kowa ke yi yanzu."

"Ni ba kowa ba ne."

Babu maganar da ya tsana irin wannan "a cire". Da ita aka raba shi da wani babban asibitin Doha bara, wai hannunsa ya fara rawa, mutumin da ya yi furfura yana tiyata. Ya rantse ba zai koma Zariya a korarre ba. Sai ya ƙare a wannan ɗan ɗaki na unguwar Sana'iyya, tsakanin masu gareji da masu walda, inda ake kawo masa waɗanda kowa ya fid da rai da su.

Na yau kuwa daga gidan kafil ɗinsa ne, ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar. Balaraben da kansa ya rako shi, naɗe cikin bargo a bayan mota, fuska fari fat, hannuwa ba motsi. Ya ce tun yana yaro yake jin muryar tsohon nan a falon baƙinsu. Ya kuma faɗa ba wasa: in bai tashi ba, Mas'udu ya manta da sabunta iƙama, takardarsa ta izinin zama.

Na roba ya fi sauƙi, Mas'udu ya sani. In tsohon hanjin ya tsinke, shi kenan, sai haɗa kaya. Amma dai kafiya ta riga ta hau kansa.

Ya bi hanjin da mai a hankali, taki bayan taki, har ya yi laushi. Ya datse ɗan bakin da ya zaizaye kawai, ya yi masa ƙullin da ya saba yi a asibiti. Yatsun da aka ce sun mutu ko gezau ba su yi ba.

"Kama mini," ya ce.

Suka tayar da tsohon tsaye, suka jingina da bango. Surajo ya kasa kallo, sai salati yake yi ƙasa-ƙasa. Can sai ga motsi a ƙirjin, ɗaya bayan ɗaya.

"Gaya wa kafil ya zo ya ɗauki abinsa," in ji Mas'udu, yana goge hannu. "Ka kuma gaya masa tsufa ba mutuwa ba ne."

Bai rufe baki ba tsohon agogon ya buga ƙarfe huɗu, duwatsun nauyinsa na reto a jikin igiyar hanjin tunkiyar da aka ɗaura masa tun ba a haifi kakan kafil ba.